Akwatin Da Yaya Ya Hana A Taɓa

Shafi na 12

Masu cewa a kamo Rediyo a zane, ku ajiye bulalarku tukuna. Ga wadda ta fi ku iya hukunci nan ta iso.

Rediyo bai ma ji sallamarta ba. Yana durƙushe a tsakiyar shagon kafintan, ya zuba wa takalman Yaya ido. Tun jiya suke wurin, ɗaya a kife ɗaya a miƙe, dusar katako ta lulluɓe su. Mai su ya fita ba takalmi, ba waya, ba ko waiwaye.

Mutumin da layi guda ya laƙaba wa suna Rediyo saboda bakinsa ba ya mutuwa, yau ko tasha ɗaya ta ƙi kamawa.

"Auta."

Ya zabura. Anti ce, matar Yaya, tsaye a bakin ƙofa, idanunta jajur.

"A'a, Anti! Ke ce da sassafe haka? Shigo, ga kujera sabuwa fil, ke za ki fara zama a kanta ki sa mata albarka..."

"Takalmansa na zo ɗauka. Da wayarsa."

Ya haɗiye sauran maganar.

"Yayan... ya tashi lafiya?"

"Ya kwanta ne balle ya tashi? A tsakar gida ya zauna har gari ya waye. Ɗaki ya ƙi shiga. Ɗakinsa na kansa fa, Auta."

"Wallahi Anti wasa ne. To... rabi wasa, rabi magani."

"Magani." Ta maimaita kalmar kamar ta tauna tsakuwa. Ta jawo kujerar ta zauna. "Shi bai ce min komai ba. Mai walda maƙwabcinku ne ya rako shi gida, shi ya ɗan guntsa min. Ina so in ji daga bakinka, tunda baki ne sana'arka ta biyu."

Rediyo ya waiwaya ya kalli akwatin.

Yana nan jikin bango inda ya bar shi. Dogo, siriri, kamar kwalbati, tsawon mutum, faɗinsa da ƙyar zai ɗauki kafaɗa. Buɗe yake ta kai da ta ƙafa. Yaya da kansa ya ƙera shi, ya goge cikinsa sumul, ya shafe da farin fenti. Ƙusoshinsa duk a karkace, abin da bai taɓa gani a aikin Yaya ba. Tun ran da aka haɗa shi Rediyo yake tsokana: Yaya, wannan gidan maciji ne ko na ajiye tsintsiya? Amsar kullum ɗaya ce. Na wani ne, kar ka taɓa.

"Jiya ya aike ni sayo gam," ya fara, murya can ƙasa. "Na dawo da wuri. Ina shigowa sai na ga ƙafafu biyu sun leƙo daga akwatin. Na ce ikon Allah! Yaya ne a cikin rami? Yayan da ko banɗaki ba ya rufe ƙofa ruf? Yayan da in mun kai kaya gidan sama sai ya tura ni lif da kayan, shi ya bi matakala yana haki yana cewa motsa jiki yake?"

"Ci gaba."

"Na zaci gyara yake ta ciki. Sai na ce to, ga dama ta samu. Ai shi ya koya min, katako in ya karkace danne shi ake yi, a kama shi da ƙusa, in ya ga ba hanya sai ya miƙe. Na ce yau zan miƙar da Yaya kyauta, ya huta da wannan abin kunyar."

"Sai ka yi yaya?"

"Na tura akwatin ya haɗe da bango ta wajen kai. Na cusa ƙafafun ciki. Na ɗora falanki..." Ya kalli tafin hannunsa. "Kin san ni da saurin buga ƙusa."

"Na sani. Yana yawan yabon hannunka."

Da ma marinsa ta yi, da ya fi sauƙi.

"Ya yi ihu?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

"Sunana ya yi ta kira. Sai na... sai na kunna injin yanka, don kar tausayi ya kama ni in ɓata maganin."

Anti ta rufe ido. Rediyo bai ƙara da sauran ba, don ta riga ta ga sauran da idonta: yatsun da suka farfashe wajen yaƙushin katako, da rigar da ta jiƙe sharkaf, da ƙaton mutum yana rawar ɗari da tsakar rana bayan mai walda ya ɓalle falankin.

"Auta, yaushe rabon da ka ga yayanka ya buga ƙusa da hannun dama?"

"Iye?"

"Tambayarka nake."

Ya shiga lissafi a ransa.

An kwana biyu Yaya na miƙo masa guduma. Zo ka buga, zo ka koyi aiki. Shi kuwa yana ta cika baki a layi cewa Oga ya tsufa, shago ya dawo hannun matasa. Fensir ya riƙa suɓuce wa Yaya. Ranar nan kofin ruwa ya faɗi daga hannunsa, Rediyo ya yi ta tafi yana cewa a kawo wa jariri bulumboti.

"Hannun mutuwa yake yi," in ji Anti. "Tun daga kafaɗa. Likitoci na zargin wani abu ne ke danne masa jijiya a wuya. Ba za su iya taɓa shi ba sai sun gani, ba za su gani ba sai an tura shi cikin wata na'urar ɗaukar hoto. Ka san kamar me take?"

Wuyansa ne ya juya da kansa ya sake kallon akwatin.

"Yauwa. Doguwa, siririya, fara. Mutum zai kwanta a ciki ba motsi, tana ta ƙara a kansa. Ranar farko yana hango ta ya fice da rigar asibiti a jikinsa, sai a bakin titi na kamo shi. Shi ne suka haɗa shi da wata likita mai kula da masu irin wannan tsoron. Ya tambayi awon na'urar, ya dawo ya ƙera irinta da hannun hagu. In ya aike ka, gwaji yake yi."

"Innalillahi..."

"Yau da la'asar ne hoton. Layin da ya daɗe yana jira. Yanzu ya rantse ko a mota aka ɗaure shi ba zai je ba."

"To me ya hana a faɗa min? Anti, ni fa ƙanensa ne! Uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Ya ce bakinka. Ya ce in ka ji da safe, kafin azahar mai faci da mai aski sun haddace."

Gaskiya ce tsirara.

Wayar Yaya ta hau ruri a kan bencin aiki, tana rawa cikin dusar katako. Anti ta ɗauka ta duba, ta sa a sifika, ta ajiye a tsakaninsu.

"Likita, matarsa ce. Ya bar wayar a shago."

"Na ga saƙonki," in ji wata murya mai sanyi. "Yaya jikin nasa?"

"Yana nan yadda na faɗa miki. Amma ga wanda ya yi aikin a gabana."

Rediyo ya ji kamar ya shige ƙarƙashin benci.

"Ina kwana, Likita. Ni ne... mai ƙusar."

"Kai ne Auta?"

"A ina kika san ni?"

"Ba ya zuwa wurina bai yi maganarka ba."

Ya share hanci da bayan hannu. Ko a cikin wannan halin bakin sai da ya nemi hanyar tsira.

"Likita, don Allah ki yi min adalci. Ni dai na sha jin ana cewa maganin tsoro a tunkare shi. Ba tunkarar na sa shi ya yi ba?"

"Tunkarar ce magani, ba ka yi ƙarya ba. Amma wa ke riƙe da ƙofa? A nan duk maganin yake. Ka san motar da ke ihu da kanta ko iska ce ta taɓa ta?"

"Akwai ta a layinmu. Ko kaza ta gifta sai ta tara mutane."

"To haka jikin yayanka yake da wuri matsattse. Ba ragwanta ba ce, ba iskokai ba ne, ba kuma shagwaɓa ba. Wani da tsayi ne, wani allura, wani kare. Wani akwai abin da ya faru da shi, wani ko ka tona ba za ka samu dalili ba. Shi kansa ya san akwati ba zai cinye shi ba. Jikin ne bai yarda ba. Shi kuwa jiki ba ya jin lallashi, ba ya jin gori, sai abin da ya gani da kansa."

"To ya ake nuna masa?"

"Kaɗan-kaɗan. Da hoton na'urar muka fara, kallo kawai. Sai zama kusa da akwatin. Sai ya sa kai. Sai kafaɗa. Duk inda ya kai zai tsaya, yana jan numfashi a hankali, zuciya na bugawa, ba zai gudu ba har sai bugun ya sauka da kansa. Sannan ya fito, don ya ga dama. Kowane shiga jikin na koyon abu ɗaya: na shiga, ban mutu ba, kuma fita a hannuna take. Shekaranjiya ya kira ni yana dariya, wai ya shige har gwiwa, saura kaɗan ya yi gyangyaɗi."

Anti ta juya fuska ta kalli bango.

"Jiya kai kuma ka koya wa jikin darasi na daban," in ji Likita. "Ka nuna masa ashe da gaskiyarsa. In ka shiga ba fita."

"Shi ke nan na rusa komai?"

"Ka mai da shi baya sosai. Amma abin da jiki ya taɓa koya ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Ana komawa matakin farko a sake hawa, sau da yawa hawa na biyu ya fi sauri. Akwai kuma maganin kwantar da hankali da za a iya ba shi kafin hoton. Sai dai fa ya zo da ƙafarsa. Ba za mu danne shi ba. An riga an yi masa wannan."

Rediyo ya sunkuyar da kai.

"Akwai wani abu kuma. Ana barin mutum ɗaya ya shiga ɗakin ya riƙe wa mara lafiya ƙafa, don ya san ba shi kaɗai ba ne. Na tambaye shi wa yake so. Na zaci matarsa zai ce."

"Ni ma haka na zata," in ji Anti.

"Ya ce ƙanensa. Wai in kana zuba ko ƙarar inji ba ya ji. Jiya da yamma ya shirya zai faɗa maka komai."

"Kashe wayar nan."

Su duka suka waiwaya.

Yaya ne a bakin ƙofa. Silifas ɗin wanka ne a ƙafarsa, yatsunsa a naɗe da filasta, fuskar ta faɗa kamar wanda ya yi jinya. Anti ta katse kiran da sauri ta miƙe.

Bai kalli Rediyo ba. Ya wuce shi kamar an ajiye buhu, ya nufi inda ake rataye kayan aiki.

"Yaya..."

"Ina babbar guduma?"

"Yaya, don girman Allah..."

"Akwatina ne. Ni na ƙera, ni zan farfasa. In na gama ka kwashe itacen ka kai wa masu girki."

Rediyo ya zube a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Ka fasa kaina maimakonsa. Wallahi ba komai a ciki, ba za ka sha wuya ba."

Ba wanda ya yi dariya. Sai a lokacin Yaya ya dube shi.

"Auta, kullum da safe me nake yi kafin in tura ka sito ɗauko katako?"

"Kana... kana bubbuga katakon da doguwar sanda."

"Me kake ce min?"

"Ina cewa Yaya na gaida katako. Ina tambayar ko sun amsa."

"Tsaka nake kora."

Rediyo ya ji wani sanyi ya tsarga masa tun daga ƙeya. Sunan kawai ya isa.

"Tun kana ɗan firamare ta faɗo maka a wuya ka sume min a hannu. Har yau in ka hango ta a bango sai ka ce fitsari ya matse ka, ka fice. Ka zaci ban gani?" Ya nuna Anti da haɓa. "Tambaye ta ko ta taɓa ji. Tambayi mai walda. Siton nan ƙunci gare shi kamar kabari, a bakin ƙofa nake tsayawa gumi na keto min, amma sai na kore maka su tas. Na taɓa kamo ɗaya na jefa maka a riga na ce magani ne?"

"A'a, Yaya."

"Na taɓa?"

"Ba ka taɓa ba."

Hawayen da yake ta dannewa tun jiya suka ɓalle. Ba irin kukan fim ba, irin mai majina, mai muni.

Yaya ya juya ya kai hannun dama ya ciro gudumar daga ƙusa.

Tim!

Ta faɗi ƙasa, ta tayar da ƙura.

Ya sunkuya ya sake kamawa. Yatsun suka rufe a kan ƙotar, ya ɗaga, ta zame kamar an shafa mata sabulu.

Tim!

Daga maƙwabta ana jin ƙarar walda, wani yana ta yi wa wani hon a titi. Yaya ya tsaya yana kallon hannun kamar na aro.

"Jiya ba haka yake ba," Anti ta faɗa a hankali.

Rediyo ya miƙe. Bai ce uffan ba, wanda shi kansa abin a tara jama'a ne. Ya ɗauki awartaki ya zare ƙusoshinsa na jiya da suka rage a bakin akwatin, ɗaya bayan ɗaya. Ya ja akwatin ya raba shi da bango, ya kai shi har bakin ƙofa inda haske ke shiga ta kai ya fita ta ƙafa. Ya kwashe duk falankin da ke kusa ya watsa bayan shago. Sannan ya tattaro gudumomi kaf, da gwangwanin ƙusa, ya jibge a gaban Anti, wadda ta koma kan kujera.

"Riƙe, Anti. In kika ga na ko kalli katako, ki zaɓi wadda ta fi nauyi."

Ya dawo wajen Yaya.

"Ban ce ka shiga ba. Wallahi ban ce ba. Zauna kusa da shi kawai. In ka ce a'a, ni da kaina zan farfasa maka shi."

"Ka zama likita ke nan?"

"Kwandastan likita. Ni dai kiran fasinja ne nawa."

Wani abu ya ɗan motsa a gefen bakin Yaya, ya koma. Ya kalli akwatin. Ya kalli hannunsa. Ya kalli matarsa.

Ya zauna a ƙasa.

Gumi ya karyo masa nan take. Ƙirjin na sama da ƙasa kamar wanda ya yi tsere. Rediyo ya ga ƙafar na neman tashi, sai ya tsuguna nesa kaɗan ya kunna tasha. Ya kawo labarin mai askin da ya yi wa ango rabin kai wuta ta ɗauke. Ya kawo na matar da ta dawo da gado wai yana mata minshari. Hanci na zuba, amma bai tsaya ba.

Rana ta ɗaga. Inuwar ƙofa ta matsa. A hankali numfashin Yaya ya fara sauka.

Ya ɗora hannun hagu a kan farin fentin. Ya jima. Sannan ya juya, ya kwanta rigingine, kansa a daidai bakin akwatin.

"Ba mai taɓa ni sai na ce."

"Ba mai taɓa ka."

Ya ja jiki. Kai ya shige. Ya tsaya. Anti ta toshe baki da mayafi.

Ya ƙara ja. Kafaɗa ta shige.

"Auta." Muryar ta fito daga ciki, a shaƙe.

"Na'am, Yaya!"

"Riƙe min ƙafa. Ta dama. Kuma kar ka yi shiru."

Rediyo ya rarrafa ya cafke idon sawun da hannu biyu, kamar wanda aka ba ajiyar duniya. Dariya da kuka suka haɗe masa.

"Shiru? Ni? Yaya ai yau sai ka roƙe ni. Bari in ba ka na mai facin nan da ya..."

"Auta."

"Na'am?"

"Na ce ka riƙe min ƙafa."

Rediyo ya kalli hannayensa. Ya matse har jijiyoyinsa sun fito. Ya ɗago ya kalli Anti. Gudumar da ke cinyarta ta gangara ƙasa.

"Yaya... ai ina riƙe. Tun ɗazu."

Shiru daga cikin akwatin.

"Ƙara matsawa."

Ya matsa da iya ƙarfinsa.

"Ban ji ba, Auta."